Maki nawa ake buƙata kafin a samu gurbin digirin digirgir?

Duk lokacin da jami'o'i suka fitar da tallar karatun gaba da digirin farko, tambayoyi biyu ne ke yawo a bakin matasa, daga Yelwa da Gubi da Gadau a Bauchi har zuwa Kashere da Tudun Wada a Gombe. Wani ya ce, "Malam, da ƙaramar daraja ta biyu (2:2) na fita, ashe ni da PhD sai dai hange daga nesa?" Wani kuma ya ce, "Malam, ina da daraja ta ɗaya, ai gurbi a Amurka ya zama nawa ko?" Na farkon ya yanke ƙauna tun bai nema ba, na biyun ya saki baki yana jiran a kira shi. Dukkansu suna cutar kansu, domin ba su san a ina aikin maki yake farawa ba, kuma a ina yake ƙarewa.

Maki rariya ne. A ce sashe yana da gurbi 10 masu tallafin kuɗi, mutum 300 suka nema. Malaman da ke kwamitin tantancewa suna da darussa da bincikensu, ba za su zauna su karanta takardun mutum 300 layi-layi ba. Don haka sai a fara tankaɗewa da lamba: wanda bai kai mizani ba a ajiye fayil ɗinsa gefe, sau da yawa ma a ofishin makarantar gaba da digiri ake yin hakan kafin takardun su isa sashe. Waɗanda suka rage kusan dukkansu masu maki mai kyau ne, saboda haka daga nan lambar ta daina bambanta su sosai. Mai 4.72 ba ya doke mai 4.41 don kawai ya fi shi 0.31. Abin da ake dubawa a wannan matakin shi ne wa ya nuna zai iya bincike.

Yadda lambar take ginuwa

A mafi yawan jami'o'in Najeriya ma'aunin 5.00 ake amfani da shi. Wanda ya ci 70 zuwa sama ya samu A mai maki 5, daga 60 zuwa 69 B ce mai maki 4, daga 50 zuwa 59 C mai maki 3, daga 45 zuwa 49 D mai maki 2, daga 40 zuwa 44 E mai maki 1, ƙasa da haka kuwa faɗuwa ce. Ana ninka makin kowane kwas da yawan yunit ɗinsa, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da ɗalibi ya yi rajista, abin da ya fito shi ne CGPA. Daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, 2:1 daga 3.50 zuwa 4.49, 2:2 daga 2.40 zuwa 3.49, daraja ta uku daga 1.50 zuwa 2.39.

Ɗalibin da ke aji ɗaya ko aji biyu ya kamata ya zauna da biro ya yi wannan lissafin, domin a cikinsa ne za a ga dalilin da ya sa gyara yake wahala a ƙarshe. A ce kwas ɗin shekara huɗu ne, yunit 36 kowace shekara, jimilla 144. Wanda ya gama aji biyu da 2.90, in yana son ya fita da 3.50, dole ya riƙe matsakaicin 4.10 a sauran shekaru biyun. Da wuya, amma ana yi. In ya bari har ya gama aji uku da 3.10, to sai ya ci 4.70 a shekarar ƙarshe, wato kusan A a kowane kwas. In kuwa 2.90 ɗin ya kai har ƙarshen aji uku, lissafi zai nemi 5.30, abin da ma'aunin ma bai kai ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu karatun injiniya da sauran kwasa-kwasan shekara biyar irin na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) suna da ɗan ƙarin fili, amma dokar ɗaya ce: yawan yunit ɗin da suka taru a baya shi ke nauyaya lambar.

Kari-oba ya fi yadda ɗalibai suke zato illa. A tsarin da aka saba, faɗuwar ba ta gogewa ko an sake kwas ɗin an ci. Kwas mai yunit 3 da aka faɗi, aka maimaita aka samu B, yana shiga lissafi a matsayin yunit 6 da maki 12, wato matsakaicin 2.00, daidai da D. Kuma F ɗin tana nan zaune a tiranskirif, wato takardar da ke jera makin kowane kwas, duk wanda ya buɗe zai gan ta.

A gida

A jami'o'inmu, makin mastas ne yake buɗe ƙofar digirin digirgir. Abin da aka fi nema shi ne CGPA na 3.50 a ma'aunin 5.00, ko matsakaicin 60 cikin ɗari, wasu sassan kuma suna ɗaga shi zuwa 4.00. Wanda ya gaza kaɗan akan ba shi M.Phil, wato matakin da ke tsakanin mastas da PhD, ya fara, in ya yi ƙoƙari a juya masa zuwa PhD, kuma wannan yana iya ƙara masa shekara ɗaya ko fiye. A karanta tallar shekarar da kyau, domin sashe yana iya neman fiye da abin da makarantar ta rubuta a matsayin mafi ƙanƙanta.

Inda mutane da yawa suke yin asarar shekaru shi ne wajen zaɓen irin mastas ɗin. Ma'aikaci ya ga MBA ko MPA ta ƙarshen mako ta fi masa sauƙi, ya yi ta, ya fita da maki mai kyau, sai daga baya a ce masa digirin sana'a ne, ba a shiga PhD da shi. Mai niyyar digirin digirgir ya nemi M.Sc. ko M.A. ko M.Eng. ko M.Tech. mai cikakken kundin bincike da jarrabawar baki a gaban mai jarrabawa daga waje. Mai daraja ta uku ko HND kuwa yawanci sai ya bi ta PGD, wato difloma ta gaba da digiri, kafin mastas. Sakamakon sakandare ma ana komawa kansa: kiredit biyar, har da Turanci, da lissafi a sassan da ke buƙatarsa, sannan takardar gama hidimar ƙasa ko ta yafewa.

Ko an cika duk wannan, gurbi a gida yana rataye ne da samun malamin da zai duba aikin. Sashen da ke da farfesa biyu kacal a fanninka, kowannensu da ɗalibai a hannu, zai iya mayar da mai 4.60 ya ɗauki mai 3.80 wanda batun bincikensa ya dace da malamin da ke da sarari. Shi ya sa ziyarar sashe da tattaunawa da malami kafin sayen fom take da amfani ƙwarai.

A waje, kowace ƙasa da abin da take kallo

Ingila tana kallon digirin farko da na biyu tare. Abin da aka saba nema shi ne 2:1, da mastas mai kyau, kuma a ma'auninsu 60 ce matakin yabo, 70 kuma matakin fice. Amma a can samun gurbi daban, samun kuɗi daban. Jami'a tana iya ba ka takardar shiga cikin sauƙi in za ka biya da kanka. Gasar gaske tana wajen tallafi, kuma tun 2021 hukumar UKRI mai ba da tallafin bincike a Birtaniya ta buɗe tallafinta ga 'yan ƙasashen waje amma ta taƙaita su ga kashi 30 cikin ɗari na guraben. A irin wannan gasar mai daraja ta ɗaya da mastas mai fice shi ne ke kan gaba, gaskiyar ke nan. Duk da haka ƙa'idar tallafin Commonwealth ta bar wa mai 2:2 ƙofa: tana karɓar 2:1, ko 2:2 haɗe da digirin gaba da ya dace, galibi mastas. Hukumar PTDF ta Najeriya, mai tallafa wa karatu a fannin man fetur, ita ma a tallarta ta PhD takan karɓi 2:2 in mastas ɗin ya yi kyau.

Amurka tsarinta daban ne. Ana iya shiga PhD kai tsaye daga digirin farko, karatun yakan ɗauki shekara biyar zuwa shida, shekaru biyun farko darussa ne da jarrabawar cancanta, kuma yawanci sashe ne ke biyan kuɗin makaranta da alawus a madadin koyarwa ko taimakon bincike. Saboda darussan nan ne suke ba makin digirin farko nauyi: suna son tabbacin ba za ka faɗi a shekarar farko ba bayan sun kashe kuɗi a kanka. Mafi ƙanƙantan abin da jami'o'i da dama suke rubutawa shi ne 3.0 a ma'aunin 4.0, sai dai a manyan sassa waɗanda ake ɗauka sun wuce wannan nesa. Tun daga 2020 sassa masu yawa suka daina tilasta GRE, jarrabawar share fagen shiga karatun gaba da digiri, kuma hakan ya ƙara wa tiranskirif nauyi, tunda ita ce lambar da ta rage. Wani bincike da aka buga a mujallar Science Advances a 2019 kan ɗaliban PhD na kimiyyar fiziks a Amurka ya gano cewa makin digirin farko ya fi GRE nuna wanda zai kammala. Inda aka ce GRE ganin dama ce, mai raunin maki zai iya amfana da ita: sashen lissafinta daga 130 zuwa 170 yake, kuma cin kusa da ƙololuwa shaida ce mai zaman kanta. Sakamakon yana aiki shekara biyar.

Kuskuren da ya fi yawa a fom ɗin Amurka shi ne mutum ya juya makinsa da kansa. Mai 3.60 ya ninka da 4 ya raba da 5, ya samu 2.88, ya rubuta haka, ya jefa kansa ƙasa da mizani da hannunsa. Jami'o'i da yawa suna cewa a rubuta maki yadda yake a ma'aunin makarantarka, wato 3.60 bisa 5.00, su za su juya. Wasu kuma suna neman a tura wa kamfanin tantancewa irin WES ya yi kwas bayan kwas, kuma abin da zai fito ba lallai ya yi daidai da wancan ninkawar ba. A tabbata bayanin ma'aunin maki yana tare da tiranskirif ɗin. A Amurka 70 cikin ɗari C ce. Farfesan da bai san tsarinmu ba, in ya ga 72 babu bayani, zai ɗauka ɗalibin matsakaici ne, alhali a nan A ya ci.

Jamus kuwa lambarsu a juye take: 1.0 ce mafi kyau, 4.0 ce ƙarshen ci. Suna juya makin baƙi da wani lissafi da aka sani da tsarin Babariya. A ɗebe makinka daga mafi girman maki, a raba da tazarar da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙantan makin ci, a ninka da 3, a ƙara 1. Mai 3.60, in aka ɗauki 1.00 a matsayin mafi ƙanƙanta, zai fito da 2.05. Sassa da yawa suna neman 2.5 ko abin da ya fi shi kyau. Mafi ƙanƙantan makin cin da aka saka shi ke sauya sakamakon, don haka mastas ɗin da ba a cinsa sai da 50 lissafinsa zai bambanta da na digirin farko. Masu neman tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, su lura da shekaru: a yawancin shirye-shiryenta ba a son digirin ƙarshe ya wuce shekara shida.

A Nowe, Siwidin, Denmak da Holan ɗalibin PhD ma'aikaci ne mai albashi, ana tallar gurbin kamar aikin ofis, a shafukan jami'o'i da shafin EURAXESS na tallar guraben bincike a Turai. Jami'o'in Nowe da dama suna neman matsakaicin B a mastas, kuma suna duba girman kundin binciken da tsawon mastas ɗin. A nan dacewar ƙwarewarka da aikin da aka tallata ita ce kan gaba. Wanda ya iya na'urar ko manhajar da aikin ke buƙata yakan wuce wanda ya fi shi maki.

Abin da ake karantawa a cikin tiranskirif

Malamin da ya ƙware ba ya tsayawa a lambar da ke ƙasan shafi. Yana bin kwasa-kwasan da suka shafi fannin. Mai neman PhD a tattalin arziki, za a nemi makinsa a lissafi, ƙididdiga da ikonometiriks. Mai neman injiniyan lantarki, za a duba lissafin injiniya da darussan sigina da sarrafawa. C a darasin gama-gari na aji ɗaya ba ta tayar wa kowa hankali. C a dabarun bincike ko a furojet ɗin ƙarshe kuwa tana jawo tambaya, domin su ne suka fi kama da aikin da ake neman a ba ka.

Yana kuma duba alƙiblar makin. Ɗalibai biyu duk sun fita da 3.55. Ɗaya ya fara da 2.80 ya ƙare da 4.40, ɗayan ya fara da 4.40 ya gangaro zuwa 2.80. Na farkon ne ake so, domin ya yi ƙarfi a lokacin da darussa suka yi tsanani. Wasu jami'o'in Amurka ma shekaru biyun ƙarshe kaɗai suke lissafawa. Wanda tarihinsa ya yi kama da na farkon ya lissafa makin shekarunsa biyu na ƙarshe ya rubuta shi a takardar bayanin kansa, kada ya jira a gano masa.

Matsayi a aji ma yana taimakawa. Akwai sassan da ake shekaru ba a fitar da mai daraja ta ɗaya ba, inda 4.10 ita ce ta fi kowa. Baƙon malami ba shi da hanyar sanin haka sai an faɗa masa. Jimla ɗaya a wasiƙar shugaban sashe mai cewa wannan ɗalibin shi ne na biyu cikin 85 ta fi shafi guda na yabo.

Idan makin bai kai ba

Digirin farko da aka riga aka kammala ba ya gyaruwa, kada kowa ya yaudare ka da zancen gyara shi. Jami'o'in waje da kamfanonin tantancewa kai tsaye suke karɓar takardu daga makarantar da ta bayar, kuma takardar bogi tana iya jawo kora ko bayan an fara karatu. Abin da ke hannunka shi ne ka ɗora sabon tarihi a kan tsohon. Mastas na bincike da aka fita da 4.50 ko sama yana canza yadda ake karanta 2:2 gaba ɗaya. Don haka mai 2:2 ya shiga mastas da sanin cewa wannan ita ce damarsa ta biyu, kada ya haɗa shi da aiki biyu da kasuwanci ya riƙa zuwa lacca jefi-jefi.

Sai a fitar da maƙala daga kundin mastas ɗin. A nan ina jan kunne da babbar murya, domin matasanmu da yawa suna zubar da kuɗinsu da mutuncinsu a mujallun bogi, waɗanda ke karɓar kuɗi su buga rubutu cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ba. Maƙala bakwai a irin waɗannan suna rage wa mutum daraja a idon kwamiti, domin suna nuna bai san bambanci ba. Guda ɗaya a mujallar da ke cikin Scopus, rumbun da ke jera mujallun ilimi da aka tantance, ko wadda masanan fannin suka sani, ta wadatar. A bincika sunan mujallar a shafin Scopus ɗin kansa, kada a dogara da tambarin da ta manna a shafinta.

Wasiƙun shaida galibi uku ake nema. A ba wa malamin da ya duba aikinka ya rubuta, ko da bai kai farfesa ba, domin shi ne zai iya cewa ga samfurin da ka tattara, ga matsalar da ta taso, ga yadda ka warware ta. Babban mutumin da bai san ka ba zai rubuta cewa kai mai ladabi ne da ƙwazo, kuma irin wannan wasiƙar ba ta ɗaga kowa. A sanar da malami wata ɗaya ko biyu kafin wa'adi, a haɗa masa da tiranskirif da tsarin binciken, a kuma roƙe shi ya aika daga adireshin imel na jami'a.

Game da bayyana dalilin raunin maki, jimla biyu ko uku sun isa. In rashin lafiya ne, ko rasuwar mahaifi, ko 'yar'uwa ce da ta haihu a tsakiyar zango, a faɗa a taƙaice, a nuna shekarar, sannan a nuna makin da ya biyo baya. Kada a zagi malamai ko a ɗora laifi a kan makaranta, ko da akwai gaskiya a ciki. Mai karantawa shi ma malami ne, kuma yana auna yadda zama da kai zai kasance na tsawon shekaru.

Wasiƙar da ake tura wa farfesa kafin nema tana da tasiri sosai a Ingila, Jamus da Kanada, inda malami ke da babbar murya wajen zaɓen ɗalibinsa. Ta zama gajera: wane ne kai, wace maƙalarsa ka karanta, wace tambaya kake son bi, wace ƙwarewa kake da ita. Bincikenmu na gida abin tallatawa ne a nan. Wanda ya yi aiki a kan zaizayar ƙasa a Gombe, ko ingancin ruwan Dadin Kowa, ko namun dajin Yankari, yana da fili da bayanan da farfesan waje ba zai samu da sauƙi ba.

Malaman jami'a da na kwalejoji da suka saba dogaro da TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, su sani cewa hukumar ta dakatar da ɗaukar nauyin sababbin masu fita waje daga farkon 2025, wanda ke nufin mai son fita sai ya shiga gasar tallafin duniya, inda ake duba duk abubuwan da aka lissafa a sama.

A raba nema gida uku: wurare biyu ko uku masu tsananin gasa, uku ko huɗu da makinka ya dace da na waɗanda suke ɗauka, sai ɗaya ko biyu da kake da yaƙinin samu. Kuɗin fom a Amurka yakan kama daga dala 50 zuwa sama da 100 kowace jami'a, amma sassa da dama suna yafewa in aka rubuta aka nema da wuri. Yawancin wa'adin can yana faɗowa ne a Disamba zuwa Janairu don karatun da zai fara a Agusta ko Satumba, kuma wanda aka ba gurbi mai tallafi yakan samu har 15 ga Afrilu ya yanke shawara. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS da TOEFL shekara biyu yake aiki, don haka kada a yi shi da wuri ƙwarai, kuma a fara tambaya ko jami'ar tana yafe wa wanda ya yi karatu da Turanci. Tiranskirif kuwa a nema tun watan Yuni ko Yuli, na digirin farko da na mastas duka, domin fitowarsa takan ɗauki makonni ko watanni. In ya fito a zauna a duba shi kwas bayan kwas, a tabbata suna da ranar haihuwa sun yi daidai da na fasfo, kuma babu makin da ya ɓace, kafin a bari a aika shi.